Darasi: Yadda Zafi Ke Tafiyar da Girma da Hayayyafar Ƙwaron Tirifs a Gonar Albasa

Duk mai noman albasa na rani, daga Alieru da Goronyo har Galmi a Jamhuriyar Nijar, ya san lokacin da lawashi kan fara sauya kama. Korensa ya dushe, zane-zane masu ruwan azurfa su bayyana a jikinsa, bakin ganye ya bushe ya lanƙwashe, albasa kuma ta tsaya da yin kai. Galibi hakan na faruwa ne daga ƙarshen Fabrairu zuwa cikin Maris, shi ya sa ake cewa zafi ne ya ƙone ta, ko kuma ƙwari sun faɗo wa lambun dare ɗaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai ga tushe ba. Mai ɓarnar wani ɗan ƙwaro ne da masana ke kira tirifs, tsawonsa bai wuce milimita 1 zuwa 2 ba, kuma ba dare ɗaya ya zo ba. Yana nan a wuyan albasa tun ana tsakiyar hunturu, yana ci yana haihuwa a hankali. Abin da wannan darasi yake son tabbatarwa shi ne, zafin iska ne ke yanke saurin girman wannan ƙwaro da saurin ninkuwarsa, don haka annobar da ake gani a Maris tun a ƙarshen Janairu da Fabrairu ake ƙulla ta. Manomin da ya gane haka zai daina jiran ganye ya nuna masa, ya koma lura da yadda sanyi ke janyewa.

Sai mu fara sanin ƙwaron. An gano irin tirifs kusan 6,000 a duniya, amma na albasa shi ne wanda ake kira Thrips tabaci, sunan da wani masani a Rasha, Lindeman, ya raɗa masa a 1889 bayan ya same shi yana ɓata taba. Bakinsa ba na tauna ba ne. Yakan huda fatar ganye ya tsotse ruwan da ke ciki, iska ta cike gurbin, wurin ya yi fari-fari. Ta waɗannan raunuka ne kuma ganye ke asarar ruwa, cutar nan da ke sa tabo ruwan hoda mai duhu a lawashi ta sami ƙofar shiga. Rayuwarsa mataki-mataki ce. Mace takan tsaga ganye ta cusa ƙwai a cikin namansa, inda ido ba ya gani. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ɗa ya fito, fari ko ruwan ɗorawa, ba fiffike, ya shige matsattsen wurin da sababbin ganye ke fitowa. Zai yi mataki 2 yana ci, yana saɓa tsakaninsu. Daga nan ya daina ci, ya sauka ƙasa ko ya lafe a gindin shuka, ya yi wasu matakai 2 na kwanci, sannan ya taso babba mai fiffike. A riƙe wannan, domin za mu dawo kansa: cikin rayuwar ƙwaron akwai lokaci 2 da yake a ɓoye, na ƙwai a cikin ganye da na kwanci a cikin ƙasa.

Haihuwarsa ma ta bambanta da ta dabbobin da muka saba da su. A yawancin irin tirifs, ƙwan da namiji bai taɓa ba yakan zama namiji, wanda ya taɓa kuma ya zama mace. A tirifs na albasa kuwa, a wurare da yawa na duniya, mace ba ta buƙatar namiji sam. Tana zuba ƙwai, kowanne ya fito mace, ita ma ta zuba nata. Mace guda da iska ta kwaso daga wata gona ta isa kafa zuriya.

To ina zafi ya shigo? Jikin mutum ko na akuya yana riƙe da ɗuminsa ko ana sanyi ko ana zafi. Ƙwaro ba haka yake ba. Zafin jikinsa shi ne zafin wurin da yake. Narkar da abinci, girma, saɓa, haɗa ƙwai a ciki, duk aiki ne da ke sauri in an yi ɗumi, ya yi nawa in an yi sanyi. Wani masani a Japan mai suna Tamotsu Murai ya auna wannan a kan tirifs na albasa, ya buga sakamakon a 2000. Ya rene su a ɗaki a kan garin fure da ruwan zuma, a zafi iri 5 da ba ya hawa ba ya sauka: digiri 15, 20, 23, 25 da 30 a ma'aunin Salshiyas. Ya tarar saurin girma yana hawa daidai da hawan zafi, kuma lissafi ya nuna girman yana tsayawa cik a wajen digiri 10.8. Ya kuma tarar ƙwaron yana buƙatar wani adadi na zafi da zai tara kafin ya kammala zagaye daga ƙwai zuwa ranar da shi ma zai fara zuba ƙwai, wato kimanin 233. Wani auno da aka yi a Teksas ta Amurka a 1988, a kan ganyen albasa, ya sa iyakar tsayawar girma a digiri 11.5, wanda bai yi nisa da na Japan ba.

Wannan tarin zafi shi ne zuciyar darasin, kuma lissafinsa bai fi ƙarfin kowa ba. A ɗauki zafin rana mafi tsanani da sanyin dare mafi tsanani, a haɗa, a raba biyu. Daga abin da ya fito a cire 11, wato iyakar da girma ke tsayawa. Abin da ya saura shi ne abin da ƙwaron ya tara a wannan yini. A ce ana cikin Janairu a ƙasar Kano, rana ta kai digiri 30, dare ya sauka zuwa 14. Tsaka-tsakinsu 22 ne. A cire 11, saura 11. Kafin a tara 233 da 11 a kullum, sai an yi kwana 21. A matsa zuwa ƙarshen Fabrairu, rana 34, dare 18. Tsaka-tsaki 26, saura 15, zagaye ya dawo kwana 15 ko 16. A tsakiyar Maris, rana 37, dare 21, tsaka-tsaki 29, saura 18, zagaye bai fi kwana 13 ba. A lura da abin da ya faru. Zafin da mutum ya ji ya ƙaru daga 22 zuwa 29, ƙarin da bai kai kashi 1 cikin 3 ba. Amma abin da ƙwaron ke tarawa ya tashi daga 11 zuwa 18, wato ya ƙaru da kusan kashi 2 cikin 3. Dalili shi ne digiri 11 na farko ba sa cikin lissafi. Ɗan sassaucin sanyin da ke sa mutum ya ajiye bargo, ga tirifs babban sauyi ne.

Amma sakamakon Murai yana da wani ɓangare da kamar ya saɓa wa wannan. Macen da aka rena a digiri 15 takan rayu kusan kwana 87 bayan ta girma. Wadda aka rena a digiri 30 ba ta wuce kwana 13. Yawan ƙwai ya fi kaiwa ƙololuwa a digiri 23, inda mace guda ta zuba kimanin 270. Mai karatu na iya cewa, ashe zafi yana gajarta musu kwana, yana rage musu ƙwai, to ai taimakon manomi yake yi. A nan ne ake yawan kuskure, domin yawan ƙwai ba shi kaɗai ke cika gona ba. A dubi 'yan kasuwa biyu masu jari ɗaya. Na farko yana cin riba mai tsoka amma sau ɗaya yake juya kuɗinsa a wata. Na biyu ribarsa ba ta kai ta wancan ba, amma yana juyawa sau biyu, yana mayar da ribar cikin jari. Kafin watanni kaɗan na biyu ya yi wa na farko fintinƙau. Ƙwan da aka zuba da wuri yakan zama uwa da wuri, 'ya'yanta su zama iyaye tun kakarsu tana raye. Saboda haka ne, da Murai ya haɗa komai, saurin girma da yawan ƙwai da tsawon rai da yawan masu tsira, sai ya tarar jama'ar tirifs ta fi saurin ninkuwa a digiri 25, ba a 23 inda ƙwai ya fi yawa ba, ba kuma a 15 inda rai ya fi tsawo ba.

A wannan zafi, in abinci ya wadata kuma babu mai kashe su, yawansu kan ninka sau biyu cikin kimanin kwana 4. Cikin mako 4 ke nan ɗaya ta zama sama da 100. A gona ba a kaiwa wannan iyaka, domin akwai mutuwa ta hanyoyi da dama, amma ko rabin wannan sauri ya isa ya bayyana abin da manomi ke gani. Shukar da ke da ƙwaro 2 a wuya, ba wanda zai ce tana da matsala. Bayan mako guda 4 ne ko 5, har yanzu lawashi kore shar. Bayan wani makon sun kusa 10. Ninkin da ya kai su daga 25 zuwa 50 daidai yake da wanda ya kai su daga 2 zuwa 4, lokaci ɗaya suka ci, amma na ƙarshen ne kawai ido ke gani. Abin da ake kira faɗowar dare ɗaya, ninki ne na ƙarshe cikin jerin da aka fara makonni da suka wuce. Kuma tsaka-tsakin digiri 25 shi ne yanayin ƙasashen albasarmu a daidai lokacin da hunturu ke sallama, tun a Janairu a wuraren da suka fi ɗumi kamar Sakkwato, zuwa Fabrairu a wuraren da suka fi sanyi.

Wani abin da ya kamata ya dame mu shi ne rashin hutu. Murai ya ɗauki bayanan zafin garin Kurashiki a yammacin Japan na shekarun 1986 zuwa 1998, ya lissafa cewa tirifs zai iya yin zagaye 7 zuwa 11 a shekara, saboda watannin sanyinsu kan tsayar da shi gaba ɗaya. A nan kuwa, ko a hunturu, ba kasafai sanyin dare ke sauka ƙasa da iyakar digiri 11 ba, kuma da rana ta ɗaga sai girma ya ci gaba. Albasar da ta yi kwana 120 a fili, a tsaka-tsakin digiri 25, ta ba tirifs damar zagaye 7. Abin da yake samu a shekara mai sanyi a can, a kakar albasa guda yake samunsa a nan.

Yanzu sai mu saurari masu ja, domin suna da hujjoji masu nauyi. Na farko zai ce zafin ɗakin gwaji a tsaye yake, na gona kuwa yana hawa da sauka. Kuma Murai da kansa ya ga cewa a digiri 30 ƙwai kaɗan ne ke ƙyanƙyashewa, alhali a digiri 15 zuwa 25 sama da kashi 80 cikin 100 ke fitowa. In haka ne, yaya tirifs ke cika gonakin Sakkwato a Maris, lokacin da rana ke kusantar digiri 40? Amsar tana cikin inda ƙwaron yake zaune. Ma'aunin da ake karantawa yana faɗin zafin iska ne a inuwa, sama da ƙasa. Ƙwai kuwa yana cikin naman ganye mai ruwa, wanda ke sanyaya kansa ta hanyar fitar da tururi. 'Ya'yan suna cikin wuyan albasa, mai inuwa da laima. Masu kwanci suna cikin ƙasar da aka shayar. Ban-ruwan da ke raya albasa shi ne ke kare ƙwaron daga rana. Sannan awa 24 a digiri 30 ba daidai take da awa kaɗan na tsananin zafi da dogon dare mai sauƙi ya biyo baya ba. Duk da haka mai jan yana da gaskiya a wuri ɗaya: lissafin tarin zafi yana aiki ne a tsakiya, ba a ƙarshe ba. In zafi ya wuce kima, girma ba ya ci gaba da sauri, mutuwa ce ke ƙaruwa. Saboda haka kada a ɗauki zafin Afrilu a zuba cikin lissafin a ce zagaye ya koma kwana 9. Wannan ma ƙarfafa hujjarmu yake yi, domin yana nuna lokacin haɗari ba tsakiyar bazara ba ne, shigowarta ce.

Na biyu zai ce ƙwarin Japan da aka ciyar da garin fure da zuma ba su ne ƙwarin Galmi masu tsotson lawashi ba. Haka ne. Garin fure abinci ne mai gina jiki, yana ƙara yawan ƙwai, don haka ƙwai 270 ya fi abin da za a sa rai a kan ganye zalla. Binciken ƙwayoyin gado ma ya nuna abin da ake kira Thrips tabaci ya kasu gida 3, ɗaya ya fi son taba, biyu sun fi son dangin albasa, kuma ba duka ke haihuwa ba namiji ba. Lambobin da za a dogara da su ƙwarai a Kabi ko Tawa su ne waɗanda aka auna a kan ƙwarin Kabi da Tawa, kuma wannan aiki ne da ya dace da cibiyoyi irin su ta binciken aikin gona da ke Samaru a Zariya. Amma bambancin yana cikin lambobi ne, ba cikin siffar abin ba. Kowane irin tirifs da aka auna ya nuna iyaka ta ƙasa, hawa a tsakiya, da faɗuwa a sama. Ko iyakar ta zama 10 ko 12, zagayen Maris zai fi na Janairu gajarta da nisa.

Ja na uku ya fi su ƙarfi. A watan Agusta tsaka-tsakin zafi a ƙasar Hausa yana wajen digiri 25 zuwa 27, daidai abin da muka ce tirifs ya fi so, amma albasar damina ba ta shan wahalarsa kamar ta rani. Ashe ba zafi ba ne, rashin ruwan sama ne. Wannan gaskiya ce da ba a musunta ta. Ruwan sama mai ƙarfi yana wanke 'ya'yan daga ganye, yana nutsar da masu kwanci a ƙasa, laima kuma tana raya cututtukan da ke kashe ƙwari. Sai dai a bambanta abu biyu: abin da ke yanke saurin haihuwa, da abin da ke yanke yawan mutuwa. Zafi na riƙe da na farko, ruwan sama na da babban rabo a na biyu. A damina duka biyun suna aiki, ɗaya yana cin ɗaya. Daga Nuwamba zuwa Maris kuwa kusan babu ruwan sama ko kaɗan. Rashinsa a Disamba daidai yake da rashinsa a Maris. Abin da bai canza ba, ba zai bayyana canji ba. Abin da ya canza tsakanin waɗannan watanni shi ne zafi, da kuma girman shukar da ya ba ƙwaron ƙarin maɓoya. Akwai amfani a cikin wannan ja: ruwan da ake kora wa cikin kwami ba ya taɓa ganye, amma wanda ake yayyafawa daga sama yana rage tirifs, ko da yake in an yi shi da yamma ganye ya kwana a jiƙe yana iya jawo cutar ganye.

Wannan muhawara ba sabuwa ba ce, kuma a kan tirifs aka yi ɗaya daga cikin mafi shahararta. A Cibiyar Waite da ke Adelaide a Ostareliya, Davidson da Andrewartha sun ƙirga wani irin tirifs a cikin furannin wardi kusan kullum daga 1932 zuwa 1946. Da suka buga sakamakon a 1948, sun nuna cewa kashi 78 cikin 100 na bambancin yawan ƙwaron daga shekara zuwa shekara ana iya bayyana shi da yanayi kawai, wato ɗumi da ruwan sama na watannin da suka gabaci ƙololuwar. Wasu masana sun ja da su, kuma a 1961 wani Ba'amurke mai suna Smith ya sake duba lambobin ya nuna cewa cunkoso ma yana aiki, in ƙwarin sun yi yawa sukan rage wa juna. Duka ɓangarorin suna da rabonsu na gaskiya. Abin da ya shafe mu shi ne wanda ba su yi saɓani a kansa ba: yawan da aka gani a ƙololuwa, yanayin makonni da watannin baya ne ya shirya shi. Cunkoson da zai tsayar da tirifs kuwa ba ya zuwa sai bayan albasar ta riga ta lalace, don haka ba abin da manomi zai jingina da shi ba ne.

Ja na ƙarshe shi ne na manomi da kansa: zafi na Allah ne, ba ni da iko a kansa, me sanin nan zai ƙara mini? Ba ka da iko a kan zafi, amma kana da iko a kan girman da albasarka za ta kai kafin ya zo. Tirifs ya fi yin illa a lokacin da shuka ke tara ganye da farkon yin kai, domin girman kan albasa ya dogara ne da lafiyar lawashin da ya ciyar da shi. Albasar da aka dasa a Nuwamba takan yi yawancin wannan aiki a cikin sanyi, lokacin da zagayen ƙwaron ke cin mako 3. Ko ya yi yawa daga baya, ya tarar da kai ya riga ya cika. Wadda aka dasa a ƙarshen Janairu kuwa tana ƙarama zafi zai same ta, kuma ƙwarin da ke tashi daga gonakin da suka girme ta a kanta za su sauka. Gwajin da aka yi a Sakkwato na dasa albasa a watanni daban-daban ya nuna haka: dashen wuri ya fi tsira, ya fi bayar da amfani. Dole a yarda cewa ba kowa ke da zaɓin ba. Wani fadamarsa ba ta tsane ba sai Disamba, wani yana jiran ya cire shinkafa, wani kuma da gangan yake jinkiri don albasarsa ta fito lokacin da kasuwa ta yi kyau. Waɗannan dalilai ne na gaske. Amma mai jinkiri ya kamata ya sa kuɗin yaƙi da tirifs cikin lissafinsa tun farko, ya kuma nisanta sabon dashe da tsohuwar gona gwargwadon hali, kada ya bar ragowar lawashi da albasar da ta tsiro da kanta a gefen kwami.

Sanin tsawon zagaye yana gyara feshi ma, kuma a nan ne ake asarar kuɗi da yawa. Mun ce ƙwai yana cikin ganye, mai kwanci yana cikin ƙasa. Yawancin magungunan da ake fesawa ba sa kai wa ga ko ɗaya. Manomi ya yi feshi yau, bayan kwana 4 ko 5 ya buɗe wuyan albasa ya ga sababbin 'ya'ya, sai ya ce maganin jabu ne, ya ƙara ƙarfinsa. Sau da yawa maganin ya kashe waɗanda ya samu. Waɗannan daga ƙwan da ke ɓoye suka fito. Abin da ya dace shi ne feshi na biyu ya biyo baya kafin sababbin su girma su fara zuba nasu, kuma wannan tazara tana gajarta da zafi: abin da zai iya jiran kwana 10 a Janairu ba zai wuce mako guda ba a Maris. Ɗaya gefen kuma, yawan zagaye yana nufin saurin sabawa da magani. Duk feshi yana barin waɗanda suka fi juriya, su ne iyayen zubi na gaba, kuma inda mace ke haifar irinta ba namiji, juriyar tana wucewa ga 'ya'ya gaba ɗaya. An tabbatar da irin wannan juriya ga magungunan dangin firetroid a gonakin albasar jihar New York da wasu ƙasashe. Shawarar masana ita ce kada a yi amfani da dangin magani ɗaya fiye da sau 2 a jere, sannan a koma wani dangi daban, ba wani suna daban na abu guda ba. Malamin gona zai iya nuna bambancin a jikin kwalba. Feshin da ba a ƙirga ƙwari ba kafin a yi shi yana kuma kashe gizo-gizo da ƙananan ƙwarin da ke cin tirifs, kuma waɗannan ba sa farfaɗowa da saurin da shi yake farfaɗowa.

Kada a ɗauki darasin albasa a ɗora a kan kowace shuka ba tunani. Wake yana da nasa tirifs, baƙi mai sheƙi, wanda ake kira Megalurothrips sjostedti, kuma shi a damina yake ɓarna, yana sa fure ya zube kafin ya ƙulla. Ruwan sama bai cika samunsa ba domin a cikin fure yake fakewa. Zafi yana yanke saurin girmansa kamar ɗan'uwansa, amma a damina zafin bai cika sauyawa ba, don haka abin da ke buɗe masa ƙofa shi ne fitowar fure. Mai wake ya sa ido daga ranar da ya ga toho na fure. Mai albasa ya sa ido daga ranar da dare ya fara sassauci.

Aikin da ɗalibi zai gwada a wannan kakar ba ya buƙatar komai sai littafi da alƙalami, da zafin rana da na dare da ake samu a waya ko a rediyo. A zaɓi shuka 10 zuwa 20 daga sassa daban-daban na lambu, har da gefen da iska ke shigowa. Da sassafe a buɗe wuyan kowace a hankali, a ƙirga 'ya'ya da manya, a ƙirga ganyen shukar, a raba yawan ƙwari da yawan ganye. A jihar New York ana fara feshi ne in an kai ƙwaro 1 zuwa 3 a kowane ganye, gwargwadon ƙarfin maganin da za a yi amfani da shi. Wannan ma'auni ne da za a iya farawa da shi har malamin gonar yanki ya ba da wanda ya fi dacewa. A hunturu ƙirga sau ɗaya a mako ya isa. Da zarar tsaka-tsakin zafi ya kai digiri 24 ko 25, a koma sau 2 a mako. A gefen kowace ƙirga a rubuta tarin zafin da aka samu tun ƙirgar baya, a kawo littafin aji domin a gwada na masu dashen Nuwamba da na masu dashen Janairu.